Hazon bana: ina hasken da bai iso ƙasa ba yake tafiya?

Mai Lambu, Mirya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hazon da ya rufe mu tun ranar Lahadi ne ya sa na kawo wata tambaya da ta daɗe tana cina. Ina ban ruwa a lambuna da famfo mai aiki da hasken rana, kuma idan gari ya yi garau, kafin azahar tankina ya cika har ya tumbatsa. Yau kwana uku ke nan ina goge farantan da tsumma mai laima da asuba, in sake gogewa da hantsi, amma ruwan da ke fita bakin tiyo bai kai rabin wanda na saba gani ba, har jiya sai da fangali shida na salati da albasa suka kwana ba su sha ba. Da tsakar rana kuwa rana tana nan fara fat kamar farin kwano, ba ta da kaifin da aka san ta da shi. Shin hasken da bai iso farantina ba, ina ya tafi? Idan kuma ƙura ce ta tare shi, ashe ba rahama ba ce gare mu a wannan zamani da ake ta maganar ɗumamar yanayi, tun da tana yi mana inuwa?

Malamin Kimiyya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a lambun, ɗan'uwa. Idan hasken rana ya ci karo da ƙwayar ƙura a sama, ɗayan abu biyu ne ke faruwa: ko dai ƙwayar ta karkatar da shi wata fuska, ko kuma ta shanye shi. Wanda aka karkatar, wani ɓangarensa yana komawa sama ya bar duniya gaba ɗaya, wani kuma yana isowa ƙasa a warwatse ta kowace kusurwa, shi ya sa a ranar hazo sama ke yin fari, inuwar mutum kuma ta dushe har ka neme ta ka rasa. Wanda aka shanye kuwa bai koma sama ba, bai kuma iso ƙasa ba, ya zama zafi ne a jikin ƙurar, ƙurar ta miƙa shi ga iskar da ke ɗauke da ita. Don haka kai da ke ƙasa kana jin sauƙi, amma can sama da kanka, daga ƴan ɗaruruwan mita zuwa kilomita da dama, akwai iskar da ke ɗumama da hasken da aka hana farantinka.

An auna wannan a ƙasarmu Nijar. A shekarar 2006 an girka wata tashar awo ta tafi-da-gidanka ta Amurka a Yamai, lokacin babban binciken damina ta Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, sai ga gagarumar ƙura ta taso a watan Maris. Hasken da ke isa ƙasa da tsakar rana ya ragu da kimanin wat 250 (wat ma'aunin ƙarfin hasken ne) a kowane murabba'in mita, alhali a rana mai garau yakan kusanci wat 1000. Da masana suka haɗa awon ƙasa da na tauraron ɗan'adam, sai suka ga iska mai ƙurar ta shanye haske fiye da yadda lissafin kwamfutocinsu ya nuna. Famfonka kuma yana buƙatar wani ƙarfi kafin ya iya ɗaga ruwa daga rijiya, shi ya sa raguwar ruwan ke fin raguwar hasken.

Ɗan Tanut

Allah ya gafarta Malam, a nan ina da ja. Ni direba ne a hanyar Tanut zuwa Agadas, kuma na sha kwana a daji cikin hazo. Idan ƙura tana ɗumama iska kamar yadda ka ce, me ya sa sanyin da ke hana mutum alwala da asuba yake zuwa tare da ita? A wurinmu hazo da ɗari ƴan uwa ɗaya ne.

Malamin Kimiyya, Sabon Gari

Gaskiyarka, tare suke zuwa, amma ba ɗayan ne ya haifi ɗayan ba. Iskar hunturu da ke fitowa daga arewa maso gabas busasshiya ce mai sanyi, ita ce ta kawo ɗarin, ita ce kuma ta ɗauko ƙurar a hanya. Da dare ƙasa tana fitar da zafin da ta tara da rana ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, kuma idan sama ta yi wasai babu laima babu gajimare, zafin nan yana tserewa ba mai tare shi. Ƙura, musamman mai manyan ƙwayoyi, tana kama wani kaso nasa ta mayar da shi ƙasa kamar yadda mayafi ke yi. Ke nan da a ce iskar nan mai sanyi ta zo ba tare da ƙura ba, da asubar da kake magana a kai ta fi haka tsanani. Ƙura tana rage zafin rana, tana kuma rage kaifin sanyin dare, kuma waɗannan ayyuka biyu suna ja da juna ne idan an zo lissafin yanayin duniya.

Baba Alhaji, Birni

Ina yi wa kowa sallama. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, amma na haura saba'in a garin nan, kuma idona ya ga ƙura iri-iri. Akwai wadda ke sauka shiru a cikin ɗari, ba iska ba guguwa, ka wayi gari ka tarar da ita a kan tabarma da murfin tulu fara sol kamar garin rogo, in ka murza ta tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko kaɗan. Akwai kuma ta bakin damina, wadda ke tasowa daga gabas kamar katanga a gaban hadari, ja wur, ta mayar da la'asar magariba har kaji su nufi akurki, wani lokaci ruwa ya biyo ta, wani lokaci kuma ta tashi a holoƙo. Malam, kai da kake cewa ƙura tana shanye haske, wacce daga ciki kake nufi? Ni dai ban yarda cewa aikinsu ɗaya ba ne.

Ƴar Jami'a, Garin Malam

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, tambayarka ta faɗa daidai kan abin da masana suke ta fama da shi har yau, kuma da izinin Malam zan ɗan tsoma baki, domin fannin da nake karantawa ke nan. Abin da ke sa ƙura ta shanye haske shi ne tsatsar ƙarfen da ke cikinta. Akasarin ƙura yumɓu ne da farin dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi da kuma farar ƙasa, waɗanda kusan duk karkatar da haske suke yi ba shanyewa ba. Amma akwai ma'adinai biyu na ƙarfe, hematit mai launin ja da gotit mai launin rawaya-rawaya, waɗanda duk da cewa ba su wuce ƴan kaso kaɗan cikin ɗari na nauyin ƙurar ba, su ne ke yin kusan duk aikin shanye hasken rana. Hasken rana haɗin launukan bakan gizo ne, su kuma waɗannan ma'adinai ɓangaren shuɗi suka fi sha, su bar ja da rawaya su wuce, wanda shi ne dalilin da ya sa marmara da jar ƙasar gini suke da launin da muka san su da shi.

Farar ƙurar ɗari da Baba ya kwatanta, babban kasonta daga kwarin Bodele take fitowa, a arewacin Cadi, kimanin kilomita 1000 daga nan Damagaram. Wurin tsohon gindin tafki ne. Shekaru kusan 7000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita dubu ɗari uku da wani abu, kuma da ya ƙafe sai ya bar shimfiɗar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, fari, mara nauyi, mai saurin niƙewa. Iska tana kutsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa ta bakin mazurari, ta fi ƙarfi da hantsi, tana sa ƙwayoyin yashi suna tsalle suna dukan shimfiɗar, garin ya tashi sama, cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso mana. Babu wani wuri guda a duniya da ke fitar da ƙura kamar Bodele, kuma ƙurarsa ba ta da ƙarfe da yawa, don haka mayar da haske ta fi yi. Jar ƙurar bakin damina kuwa tamu ce, daga gonakin da aka share ake jiran shuka take tashi, kuma awon da aka yi a kan ƙasashe daban-daban ya nuna ƙurar Sahel tana cikin waɗanda suka fi yawan tsatsar ƙarfe, ke nan tana cikin waɗanda suka fi shanye haske. Baba bai yi kuskure ba, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Mai Lambu, Mirya

Madalla, ƙanwata. Amma ki bar ni in koma kan maganata. Tun da fara ce ta fi yawa a cikin ɗari, kuma kin ce mayar da haske take yi, ai inuwar da na faɗa ta tabbata.

Ƴar Jami'a, Garin Malam

Yaya, ta tabbata a wani wuri, ba ta tabbata a wani ba, domin sai an duba abin da ke ƙarƙashin ƙurar. Teku baƙi ne a idon rana, yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa, don haka idan ƙura ta bi ta saman Tekun Atlantika ta mayar da haske sama, lallai ta sanyaya wurin. Amma farin rairayin Sahara da ma can yana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na hasken, sai ƙura ta zo ta tsaya a samansa, ta sha daga hasken da ke sauka, ta sake sha daga wanda rairayin ya mayar, ta kuma tare zafin da ke tserewa. A irin wannan wuri tana iya ƙara zafi maimakon ta rage. Girman ƙwaya ma yana da nasa hukunci: ƙanana sun fi sanyayawa, manya sun fi ɗumamawa, kuma wani bincike da Jasper Kok na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya jagoranta a 2017 ya nuna manyan ƙwayoyi sun fi yawa a sama fiye da yadda ake sakawa a lissafi. A 2023 shi da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa ƙurar da ke sama ta ƙaru da kimanin kashi 55 cikin ɗari tun kafin zamanin masana'antu, kuma tasirinta a duniya baki ɗaya ɗan sanyi ne na wat 0.2 a murabba'in mita, tare da tazarar rashin tabbas ta 0.5 ta kowane ɓangare. Ma'ana, tana iya zama sanyi, tana kuma iya zama ɗan ɗumi. Iskar kabon da ɗan'adam ya ƙara wa sama kuwa ita kaɗai ɗumamawar da take yi ta haura wat 2, kuma tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru a can, alhali ƙura ba ta wuce ƴan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu ta faɗo.

Hajiya ta Zango

Ni kam kalmar rahama ce ta tsaya min a rai. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma na san abin da watannin ƙura ke kawo mana: tari, ciwon ido, masu asma da ba sa iya kwanciya, sannan sanƙarau da ke tasowa idan iska ta bushe hanci da maƙogwaro suka tsattsage. Uwar da ta kwana riƙe da yaro yana numfashi da ƙyar ba za ta kira wannan inuwa ba. Ban musa lissafinku ba, ɗana Mai Lambu, amma ina roƙon a riƙa tuna waɗanda ke shaƙar abin.

Mai Lambu, Mirya

Hajiya, ranki ya daɗe, na karɓi gyara. Ni ma autana tun shekaranjiya yake tari.

Baba Alhaji, Birni

Allah ya ba shi lafiya. Saura magana ɗaya da nake so a warware min. Mun taso muna jin iyayenmu suna cewa idan hunturu ya yi hazo sosai, damina za ta yi kyau. Amma ni na ga farin 1973, na ga na 1984, kuma ban taɓa ganin ƙura irin ta waɗannan shekaru ba, har mukan kunna fitila da rana a rumfar kasuwa, dabbobi suna mutuwa a bakin hanya. Na rasa yadda zan haɗa maganar magabata da abin da idona ya gani.

Malamin Kimiyya, Sabon Gari

Baba, abin da idonka ya gani yana da shaida daga nesa. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, wani masani mai suna Joseph Prospero ya fara tara ƙurar Afirka yana aunawa tun 1965, kuma a tsakiyar shekarun 1980 abin da ke isa can ya ninka na shekarun 1960 kusan sau huɗu. An kuma lura cewa ƙura takan yi yawa ne a shekarar da ta biyo bayan ƙarancin ruwa a Sahel. Wannan fuska a fili take: fari yana haifar da ƙura, domin ciyawa ta ƙare, ƙasa ta zama tsirara.

Ɗaya fuskar, wato abin da ƙura ke yi wa damina, ita ce mai wuya, kuma a nan ne shanye haske ya zama komai. Daminarmu tana zuwa ne saboda Sahara tana yin zafi ƙwarai a bazara, iskar can ta yi sama, sai iska mai laima daga tekun kudu ta kwararo ta cike gurbin. Idan ƙura ta rage hasken da ke isa ƙasa da teku, tururin da ke tashi yana raguwa, kuma zafin da ta tara a sama yana iya danne iskar ƙasa ya hana hadari haɗuwa, wannan yana rage ruwa. Amma idan ƙurar mai shan haske ce sosai, zafin da take zubawa a iskar saman hamada yana iya ƙara ƙarfin jan da ake yi wa iskar kudu, damina ta ƙara matsowa arewa. Masu lissafin yanayi da kwamfuta sun gwada duka biyun: idan suka saka ƙura mai ƙarancin ƙarfe, ruwan Sahel yakan ragu, idan suka saka mai yawan ƙarfe, yakan ƙaru a wasu lissafan. Mu da ruwan shekararmu yake wajen milimita 400, kuma gero yake rayuwa a bakin iyaka, wannan ɗan bambanci na tsatsar ƙarfe ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Maganar magabata ba zan yi gaggawar jefar da ita ba, amma ba zan shawarci manomi ya auna irinsa da ita ba.

Ƴar Jami'a, Garin Malam

Saboda wannan gibin ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika wata na'ura mai suna EMIT zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yuli na 2022, aikinta shi ne ta leƙa busassun yankunan duniya ta rarrabe ma'adinan da ke saman ƙasa ta hanyar launin hasken da suke mayarwa, a san inda hematit da gotit suka yi yawa da inda farar ƙasa ta rinjaya. A ƙasa kuma akwai na'urorin da ke bin rana suna auna yadda ƙura ke rage haskenta launi bayan launi, kuma ta Banizumbu, gabas da Yamai, tana cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a Afirka. Wani abin da ke dagula awon a watannin Disamba da Janairu shi ne hayaƙin ƙunar daji daga kudu, wanda ke haɗuwa da ƙurar, shi kuma baƙin hayaƙi ya fi kowace ƙura shan haske nesa ba kusa ba.

Ɗan Tanut

Na ji a rediyo cewa ƙurarmu ce ke takin dajin Amazon. Gaskiya ne?

Ƴar Jami'a, Garin Malam

Akwai gaskiya a ciki, Yaya. Wani ƙiyasi na 2015 da aka yi da tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO ya nuna kimanin tan miliyan 182 na ƙura suna barin Sahara ta yamma a kowace shekara, kusan miliyan 28 daga ciki suna sauka a yankin Amazon ɗauke da sinadarin fosfor da tsirrai ke buƙata. Amma ka tuna cewa lallausar ƙasar da iska ke kwashewa daga gonakinmu ita ce mai riƙe taki da laima, abin da ake bar mana shi ne yashi.

Mai Lambu, Mirya

Wannan na san shi da hannuna. Gonar mahaifina ta gero tana da gawo fiye da talatin da ya bari suka tsiro da kansu, ta maƙwabcinmu kuwa fili ce fetal. Idan iskar bakin damina ta taso, kana tsaye za ka ga jar ƙura tana tashi daga waccan kamar hayaƙi, yashi yana yanke sabon tsiro, ana sake shuka sau biyu ko uku, a tamu kuwa karan da muka bari kwance da itatuwan suna karya ƙarfin iskar.

Malamin Kimiyya, Sabon Gari

Abin da mahaifinka ya yi shi ne abin da manoman Magariya da Matamai da Mirya da na jihar Maradi suka yi tun daga tsakiyar shekarun 1980, har aka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa. Bodele ba mu da iko a kansa, iska da tsohon tafki ne suka yi shi. Amma ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙurar duniya daga filayen da ɗan'adam ya taɓa take tashi, gonaki da makiyaya da tafkunan da aka ƙafar, kuma a yankinmu wannan kason shi ne ja mai yawan ƙarfe.

Ina da niyyar gwada wani abu da ɗalibaina, kuma ina neman taimakonku. Za mu ajiye farin faranti a kan soro na kwana uku a cikin wannan hazo, mu kwashe abin da ya taru a ƙaramar kwalba mu rubuta kwanan wata, sannan mu maimaita a watan Mayu ko Yuni bayan guguwar gaban hadari, mu jera su a kan farar takarda yara su ga bambancin launin da idonsu. Idan aka samu daga Mirya da Tanut da cikin Birni, kwatancen zai fi armashi.

Baba Alhaji, Birni

Soron gidana yana nan, kuma ya fi na maƙwabta tsawo, ƙurar titi ba ta cika kai masa ba. Zan sa jikana ya hau da farantin yau bayan la'asar. Malam, ka faɗa min ko a rufe shi da dare saboda raɓa, ko a bar shi a buɗe.

Malamin Kimiyya, Sabon Gari

A bar shi a buɗe, Baba, raɓa ba ta da yawa a wannan lokaci. A dai ɗora masa ɗan dutse a tsakiya kada iska ta kifar da shi, kuma a kwashe da busasshen cokali, kada a taɓa da hannu.